Fitilar Mota da Idon Mai Tahowa

Lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, ta kuma ce Dutse ce babban birni, garin bai shirya karɓar baƙin da aka turo masa ba. Ma'aikata sun iso da takardun canjin wurin aiki a hannu, amma babu isassun gidajen da za su sauke iyali. Da yawa sai suka bar mata da yara a Kano suka rungumi hanya: a fito da asuba, a juya bayan la'asar, ko ta Gaya ko ta Kwanar Huguma, sau da yawa magariba ta riski mutum bai kai Wudil ba. Unguwanni irin su Takur sun cika ne sannu a hankali, gwargwadon yadda masu wannan kai-da-komo suka gaji suka nemi fili ko gidan haya. Mu da muka zauna a Takur tun ana iya ƙirga motocin layi da yatsun hannu mun san cewa kaso mai yawa na rayuwar garin nan a kan titi aka yi shi, kuma wani ɓangare na tafiyar a cikin duhu.

Motar wancan zamani ita ce Peugeot 504, wadda ake haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Fitilarta ba ta da wani sirri. Gilashi ne mai kauri da aka yi wa tsage-tsage ta ciki, a bayansa kwano mai sheƙi, a tsakiya ƙwai ɗaya mai zare biyu. Zare ɗaya na ful ne, mai kai haske nesa. Ɗayan na dim ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai ɗan murfin ƙarfe da ke hana haske sauka a ƙasan kwano, domin hasken da ya bugi ƙasan kwano sama yake tashi. Tsagen gilashin ne ke baza abin da ya rage hagu da dama. Ƙwan halojin mai wat 60 da 55 shi ne gwarzo a lokacin, haskensa ja-ja, ba ya kai mutum nesa sosai. Idan ya mutu, direba da kansa zai ɗaga bonet ya canja, sai dai a gargaɗe shi kada ya taɓa gilashin ƙwan da yatsa, don maiƙon hannu na sa ya ƙone da wuri.

Da yake kowa haskensa kaɗan ne, akwai ladabin dare da direbobi suka sani ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba. Ka hango fitila daga nesa, ka sauke taka zuwa dim tun kafin ta dame ka. Idan mai tahowa ya manta, ka ƙyafta masa sau ɗaya, ya sauke, ku wuce juna. Direbobin tirela da na tanka sukan kunna sigina ta hagu idan za a yi kiciɓis, don ka san inda jikin motarsu ya ƙare, kuma har yau tsofaffin hannu ba su bar wannan ba. Wanda ya ƙi sauke fitila bayan an ƙyafta masa, an san abin da za a ce a cikin mota: ko sabon direba ne, ko ba shi da tarbiyya. Babu na uku.

Ba ina cewa dare ya fi aminci a da ba ne. Mota mai ido ɗaya ta sha yaudarar mutane, a zaci babur ne har sai an zo gab. Tirelar da ta lalace a kan kwalta, alamarta 'yan ganyayen da aka jera a bayanta, kuma da jan hasken nan sai ka kusa taka ganyen kafin ka gane abin da yake nufi. Ƙishirwar haske gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Kudu da tsohuwar fitila ba zai zargi mai neman ƙari ba.

Ƙishirwar ta ƙaru ne da zuwan motocin gwanjo na Kwatano. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa gaba, Golf da Vectra da Honda da Peugeot 406 suka cika gari, sannan Sharan ta karɓe tashoshin mota. Sababbin samfura sun zo da fuskar fitila ta roba mai garai-garai a madadin gilashi, aikin baza haske kuma ya koma kan kwanon da ke ciki, wanda aka yi wa fuskoki ƙanana da yawa. Robar ta fi sauƙin nauyi, ba ta tarwatsewa idan tsakuwa ta buge ta, amma tana da abokin gaba: rana. Akwai wani siririn shafi a samanta da ke kare ta daga zafin hasken rana, kuma motar da ta riga ta yi shekara goma a Turai ta iso da shafin ya fara gajiya. Ranar Jigawa ta watan Afrilu takan ƙarasa aikin. Sai fuskar ta yi rawaya, ta dushe, ta riƙa shanye haske tana watsa saura. A haɗa da tsofaffin wayoyi da soket mai tsatsa, wutar da ke isa ƙwai ba ta kai yadda ta baro batir ba, kuma ƙwan halojin ba ya yafe wannan: ɗan ragin wuta na jawo babban ragin haske. Mai mota ya ga fitilarsa ta mutu a tsaye, ya ɗora laifin a kan ƙwai.

Maganin farko da aka kawo shi ne ƙwai mai wat 100 da 90. Ya ƙara haske, ya kuma narkar da soket, ya ƙona makunnin sitiyari, wani lokaci ya gasa kwanon har sheƙinsa ya tashi. Daga baya kayan zenon na Sin suka shigo kasuwa, ƙwai biyu da 'yan akwatuna biyu da ake kira balas, haskensu fari har da shuɗi-shuɗi. Samari suka yi ca a kansu. Bayan su ne ƙwan LED ya zo, mai ɗan fanka a gindi, mai arha, wanda ba ya wahalar da batir. Cikin wannan guguwa kalmar furojekta ta shiga bakin masu mota a Dutse, har ta zama abin da ake ambata wajen cinikin mota tare da sanyin AC da lafiyar giya.

Ita fasahar furojekta ba sabuwa ba ce. Kamfanin BMW ya sa ta a manyan motocinsa samfurin 7 tun 1986, a kan wannan samfurin ne kuma aka fara sa ƙwan zenon a 1991, shekarar da aka haifi Jigawa. Fitilar LED ta biyo baya a motar Lexus a 2007. Yadda furojekta ke aiki abin sha'awa ne. Kwanonta ƙarami ne mai siffar ƙwai, an ƙera shi ta yadda duk hasken da ya baro ƙwan zai taru a wuri ɗaya a ɗan gaba. Daidai wannan matattara aka kafa wani ɗan shamaki na ƙarfe da ke datse rabin hasken. Abin da ya tsallake shamakin sai ya ratsa wani gilashi mai doro, wanda shi ne idon da muke gani daga waje, gilashin ya juya shi ya harba kan titi. Saboda juyawar nan, shamakin da ke ƙasa shi ke zana duhu a sama. In ka haska bango za ka ga layi a miƙe, ƙasansa haske tar, samansa duhu, da ɗan tudu a gefe ɗaya. A irin wadda ke yin dim da ful a ido ɗaya, wani ɗan maganaɗisun lantarki ne ke kwantar da shamakin idan ka ja ful, shi ne ƙaran "ƙas" da ake ji.

Dalilin duk wannan wahala shi ne ƙwan zenon mai wat 35 na fitar da haske kusan lumen 3,200, alhali dim na halojin bai wuce wajen 1,000 ba. Hasken da ya ninka sau uku dole a san inda zai tsaya. Injiniyoyin sun ƙera furojekta ne don a ba direba haske mai yawa ba tare da an zuba shi a idon mai tahowa ba. A ganina wannan ɗan shamakin shi ne furojekta, sauran duk masu yi masa hidima ne. Abin takaici, shi ne ɓangaren da ba ya shiga ciniki a wajenmu. Mai saye yana tambayar wat nawa ne, fari ne ko shuɗi, yana da zoben ado mai haske ko babu. Ban cika jin wanda ya tambayi yadda layinsa yake ba.

Galibin abin da ke kashe mana ido a hanya ma ba furojekta ba ce. Ƙwan LED ko na zenon ne aka cusa a kwanon da aka ƙera don halojin. Shi kwanon an auna shi ne da zaren ƙwai mai tsawon 'yan milimita, a wani gurbi takamaimai. Idan tushen hasken ya gusa ko da kaɗan, ko ya fi zaren faɗi, lissafin ya rushe, haske ya watsu ko'ina kamar an watsa wa kaji tsaba. Mai motar zai ga gaban bambarsa ya yi fari fat, ya ga rassan darbejiya sun haskaka, ya ce lallai kuɗinsa sun yi aiki. Bai san cewa hasken da ya taru a gabansa yana tsuke masa ƙwayar ido ba, har ganinsa na nesa ya ragu. Wanda ke tahowa kuwa sai addu'a. Ya ƙyafta don a sauke masa, sai a ba shi amsa da ful na gaske, don a nuna masa cewa wancan dim ne. Wannan amsa, wadda a da rashin kunya ce, yanzu ta zama abin alfahari.

Akwai masu sayen fitila sukutum daga Ƙofar Ruwa a Kano, wadda ta zo da idon furojekta a ciki, a cire tsohuwa a ɗaura. Wasu na da kyau, wasu ado ne kawai. Amma aikin da ya cancanci a kira shi sana'a shi ne a buɗe fitilar motar ta asali a dasa mata ido. Na sha zama a gareji ina kallon masu wayarin suna yinsa, kuma mai haƙuri ne kaɗai ke gamawa lafiya. A yawancin motocin yanzu sai an sauke bamba kafin fitila ta fito. Fuskar roba da bayanta an manne su ne da wani baƙin danƙo, wanda sai ya ji zafi yake saki, don haka ake bin gefen da na'urar hura iska mai zafi ana ɓamɓarewa a hankali. Mai gaggawa yakan sa sukundireba ya karya kunnuwan, ko ya tsaya wuri ɗaya da zafi har robar ta lanƙwashe. Wasu motocin danƙonsu ba ya narkewa ko kaɗan, sai an yanka. Idan an buɗe, ba a taɓa cikin kwano da hannu ko da tsumma, domin sheƙinsa siririn shafi ne, gogewa ɗaya ta bar tabo har abada.

Idon da ake dasawa yawanci mai faɗin inci 2.5 ne ko 3, yana da wutsiya mai zare da ke bi ta ramin tsohon ƙwai a ɗaure ta da noti ta baya. A nan ne ake gane gwani. Kafin ya ƙara wa notin ƙarfi, kafin ya mayar da fuska, sai ya maƙala fitilar a jikin mota ya kunna ya duba ko layin ya kwanta daidai, domin idan ya karkace aka rufe, babu sukurun da zai gyara shi daga waje, sai an sake buɗewa. Sannan wayarin. Ba a ɗora sabon kaya a kan tsohuwar waya haka kawai. Ana jawo wuta daga batir ta hanyar rile, da fis kusa da batir ɗin, tsohuwar wayar ta zama mai ba da umarni kawai. Wanda ya tsallake fis, ko ya naɗa waya a gurbinsa kamar yadda aka saba, ya ajiye gobara a ƙarƙashin bonet. Balas na zenon kuwa ba abin wasa ba ne, don a lokacin kunnawa yana harba wutar da ta haura bolt 20,000, shi ya sa ba a taɓa wayarsa fitila na kunne. Motocin da ke da kwamfuta mai lura da ƙwai sukan ɗauka ƙwan ya mutu saboda LED ba ya jan wuta sosai, sai su nuna gargaɗi ko fitilar ta riƙa ƙyaftawa, a nemo ɗan abin da ke yaudarar kwamfutar. A ƙarshe a sa sabon danƙo, a dumama, a matse. Masu arha suna shafa gam ɗin silikon, wanda tururinsa kan bar hazo a cikin gilashi, kuma ranar da za a sake buɗewa sai an yi da gaske.

Saiti shi ne ƙarshen aiki, kuma ba ya buƙatar komai sai fili mai daidai, da bango, da abin awo. A ajiye mota mita 10 daga bango, tayoyi da iskarsu daidai, a auna tsayin idon fitila daga ƙasa, a yi alama a bango. Layin dim ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Motocin Turai ma sukan zo da adadin a rubuce a jikin fitilar, 1.0% ko 1.2%, in mutum ya sa ido zai gani. Sukurori biyu ne a baya, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba.

Akwai kuma batun ɗan tudun nan da ke kan layi. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka tudun ya kamata ya tashi ta dama, ya haska gefen titi inda masu tafiya a ƙasa da allunan hanya suke, ya kwanta ta hagu inda mai tahowa yake. Idon da aka ƙera don Ingila ko Japan, inda ake bin hagu, akasin haka yake. Idan ya faɗo cikin kayan da aka shigo da su aka dasa shi a nan, komai kyan saitinsa tudun na kan fuskar mai tahowa. Ɗan kasuwa ba lallai ya sani ba, kwalin ma ba lallai ya faɗa ba. Bango ne kawai ke tona asiri.

Ko an yi komai daidai, lodi na iya ɓata shi. Dubi Sharan ko Golf da ta taso daga kasuwar Shuwarin da buhuna a but da wasu a sama: bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga, layin da aka saita ya sauka a kwalta yanzu yana kallon sama. Don haka ne dokar Turai ta ce fitilar da ƙwanta ya wuce lumen 2,000 sai ta kasance da na'urar da ke daidaita tsayinta da kanta, da kuma abin wanke fuskarta, tunda datti ma na watsa haske. Wadda aka dasa a gareji ba ta da ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne ɗan maɓallin nan mai lamba 0 zuwa 3 da ke gefen sitiyarin motocin Turai da yawa, wanda aikinsa ke nan, a sauke fitila idan an yi lodi. Na tambayi direbobi da dama amfaninsa. Wasu sun ce na hasken dashbod ne.

Kula da fitilar bayan an dasa mata ido wani babi ne, kuma yanayinmu ba ya sassauta mata. Ƙwan LED ba ya son zafi, ɗan fankan gindinsa ne ke ceton sa, ƙurar hunturu kuwa fankan take nema. Idan ya cushe ya tsaya, hasken zai dushe a hankali kafin ya mutu. Masu aiki da yawa sukan yar da murfin roba na bayan fitila saboda sabon ƙwai ya yi masa tsawo, daga nan ƙura ta sami ƙofa ta kwanta a kan gilashi mai doro ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Da damina sai raɓa: in ka ga gumi kaɗan da safe ya bushe da rana, ba komai, fitila na da ƙananan kafofin numfashi don haka, kuma kuskure ne a toshe su. In ka ga ɗigon ruwa na gangarowa, danƙo ya saki, kuma ruwan zai kashe balas ko ya sa maganaɗisun ful ya yi tsatsa ya maƙale. Yaran wankin mota masu injin feshi su ma a ja musu kunne. Ramukan hanya na sassauta noti, layi ya karkace ko haske ya riƙa rawa. Ƙwan zenon idan ya tsufa launinsa na komawa ja-ja ko shuɗi, kuma biyu ake canjawa tare. Fuskar da ta yi rawaya ana iya goge ta da sanfefa mai laushi a bi da man gogewa, amma in ba a sake fesa mata shafin kariya ba, wata kaɗan za ta koma gidan jiya. Masu shafa man birki don ta yi ƙyalli na yini ɗaya suna ƙara cinye robar ne.

Hazo na da nasa hukunci. A Disamba da Janairu, idan ƙura ta sauko, haske mai ƙarfi na bugun ta ya dawo idon mai shi, ful kuwa bango fari kawai yake gina maka a gaba. A nan furojekta mai saiti ta fi kowace fitila, don haskenta na bin ƙasa. Launi ma na da tasiri a kan gajiyar ido. Halojin na wajen 3,200 a ma'aunin launin haske, zenon na asali 4,300, amma kasuwarmu 6,000 da 8,000 take so, inda fari ke komawa shuɗi. Mutane na ɗauka babbar lamba ita ce babban haske, alhali launi kawai take nunawa, kuma a zenon haske raguwa yake yi idan lambar ta hau. Faransa, ƙasar da ta ba mu Peugeot, ta wajabta fitila rawaya daga 1937 har zuwa 1993, da hujjar cewa ba ta damun mai tahowa. Waɗanda suka san kan iyakar Maigatari a da za su tuna tsofaffin motoci masu rawayan ido da ke shigowa daga Nijar.

Ita ma furojektar kirki tana da iyaka, kuma iyakar na cikin kyanta. Tunda saman layi duhu ne sosai, abin da ke can gaba ba ya bayyana sannu a hankali, faɗowa yake yi cikin haske gaba ɗaya. Yi lissafi: idon fitila mai tsayin santimita 65 da aka sunkuyar kashi ɗaya cikin ɗari, layinsa zai taɓa ƙasa a mita 65. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, wato daƙiƙa biyu da 'yan kai ke tsakaninka da ƙarshen ganinka, kuma tsayawa a wannan gudu na buƙatar fiye da mita 70. A hanyar Jahun abin da ke bayan layin yana iya zama amalanken shanu da ba shi da ko ƙyallen da ke mayar da haske, ko garke mai tsallakawa, ko mai keke da dami. Farin haske na sa direba ya ji ya mallaki hanya, ƙafarsa ta ƙara nauyi a kan totur, alhali nisan da yake gani bai ƙaru yadda zuciyarsa ta ƙaru ba.

Cikin gari kuwa abin ya fi ba da mamaki. Dutse ta sauya tsakanin 2007 da 2015, zamanin Sule Lamido, da tituna masu faɗi da fitilun kan hanya. Jami'ar tarayya ta zo a 2011, filin jirgin sama ya biyo baya. Titin da ke da fitilunsa ba ya buƙatar ful, amma a nan ne ake baje kolin haske. A Daidaita Sahu da babura sun shiga sahu da sandunan LED da ba su da dim ko kaɗan, wasu har da masu walƙiya. Manyan motoci masu tsayi fitilarsu na daidai madubin ƙaramar mota. Waɗanda suka fi shan wahala su ne dattawa, domin ido idan ya manyanta yana daɗewa kafin ya farfaɗo daga dalli, in kuma akwai yana a ciki, haske ɗaya sai ya zama gari guda. Na san mutane a Takur, cikin waɗanda suka yi shekaru suna bin hanyar Kano da jar fitila, da yanzu ba sa taɓa sitiyari bayan magariba. Ɗaurin aure ko ta'aziyya a ƙauye, lissafinsu na farko shi ne su dawo da sauran rana.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen mutane kan tafiyar dare. Amma duba fitila a bakin hanya da rana ake yinsa, kuma abin da ido ke iya tabbatarwa da rana shi ne ta kama ko ba ta kama ba. Masu ƙera motoci su kuma sun nufi wata hanya: fitilar da ke da kyamara tana ganin mai tahowa ta kashe ɓangaren hasken da ke kansa kaɗai. Audi ta fito da irinta a 2013, Amurka ta halatta ta a 2022. Za ta iso mana a motocin gwanjo kamar yadda sauran suka iso, sai dai tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017, Naira kuma ta faɗi daga 2023, mutane riƙe tsofaffin motocinsu suke yi suna lallaɓawa. Fitilar asali ta yi tsada, ta Sin ce ke kusa da aljihu. Aikin dasa ido zai daɗe tare da mu.

Akwai wani cikas da ba a cika lura da shi ba, shi ne lokacin tashi daga gareji. Mai wayarin da rana yake aiki, da rana yake gwadawa. Ya kunna, ya sa tafin hannu a gaban fitila, ya ce, "Alhaji, ta kawo." Alhaji ya leƙa, hasken ya buge shi har ya kau da kai, ya ce madalla, ya biya. Saiti kuwa sai da duhu, ko aƙalla rumfa mai duhu da daɓe mai daidai, abin da garejin da ke ƙarƙashin bishiya ba shi da shi. Kafin magariba yara sun tattara sifanu an kulle akwati. Cikin masu sana'ar akwai 'yan ƙalilan da za su ce, "Yallaɓai, ka dawo bayan isha'i mu kai ta bango," ba tare da sun nemi ƙarin ko sisi ba. Su da kansu suna faɗa cewa masu komowa ba su da yawa, kuma galibinsu direbobin haya ne, waɗanda washegari da dare za su bi hanya mai hannu ɗaya su haɗu da abokan aikinsu, a kuma tare su da maganar a tasha idan gari ya waye.